TARIHIN iRACING: YADDA AKA KOYA WA 'YAN GEM TSORON BUGA MOTA

Yau ba saitin waya za mu yi ba, tarihi na kawo maka, amma tarihin da ya taɓa abin da kake bugawa a wayarka. Ka gyara zama, rubutun yana da ɗan tsawo.

In dai ka taɓa shiga gem ɗin tseren mota da wasu mutane ta intanet, ka san abin da ke faruwa a kwanar farko. Motoci sun taso a guje, wani daga baya ya ƙi taka birki, ya kwashe ka ya haɗa da bango, ya wuce abinsa. Ba abin da za a yi masa. In tasa motar ce ta lalace, sai ya fita ya shiga wani tseren, kai kuma an bar ka da haushi da asarar data.

Akwai manhajar tsere guda ɗaya da aka gina ta dungurungum don maganin wannan matsalar, sunanta iRacing. Tun da wuri in faɗa maka, ba gem ɗin waya ba ne, a kwamfuta mai Windows ake buga shi, kuma yawanci da sitiyari da feda. Amma tsarin da ya fito da shi ya bazu zuwa wasu gem-gem, kuma in ka fahimce shi za ka gane abin da ya sa wani gem ɗin yake da daɗin bugawa da mutane, wani kuma kamar kasuwar da ba ta da sarki.

TUSHEN ABIN: KAMFANIN PAPYRUS

Labarin ya faro ne daga jihar Massachusetts ta Amurka. A 1987 wani mai rubuta manhaja, David Kaemmer, tare da abokin aikinsa Omar Khudari, suka kafa ƙaramin kamfani mai suna Papyrus. A 1989 suka fitar da Indianapolis 500: The Simulation. Filin tsere ɗaya ne tak a cikinsa, motoci 33, zagaye 200, daidai yadda ake yin tseren na gaskiya.

Abin da ya bambanta shi da sauran gem-gem na lokacin shi ne, motar tana bin lissafi. Za ka iya rage iskar taya ko ka ƙara, ka canza giya, ka gyara fiffiken mota, ka rage mai a tanki, kuma duk abin da ka taɓa za ka ji shi a tuƙi. A gem irin su Asphalt da muke bugawa a waya, an tsara motar ne don ta faranta maka rai. A nan kuwa ba ruwan motar da ranka. Wannan shi ake kira simuleta, wato manhajar kwaikwayon tuƙi na gaskiya.

Daga nan suka yi IndyCar Racing a 1993, sai NASCAR Racing a 1994, wanda ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya. NASCAR ita ce babbar gasar tseren mota ta Amurka, yawancin filayenta zagaye ne mai siffar ƙwai. A 1995 kamfanin Sierra ya saye Papyrus. A tsakiyar shekarun 1990 ɗin kuma suka gwada wani tsari da suka sa wa suna Hawaii, inda mutane ke haɗuwa su yi tsere ta layin tarho na gida. Ka ga ke nan tun kafin intanet ta wadata, tunanin haɗa mutane yana ransu.

A 1998 suka fitar da Grand Prix Legends, wanda ya kwaikwayi gasar Formula 1 ta shekarar 1967. Motocin wancan lokacin suna da ƙarfin inji sosai, ga rashin nauyi, ba su da fiffiken da ke danne mota a ƙasa, tayoyinsu kuma ba sa kama titi kamar na yanzu. Papyrus ta kwaikwaye su yadda suke. Sakamakon? Mutum zai sayi gem da kuɗinsa, ya kasa gama zagaye ɗaya ba tare da motar ta ƙwace masa ba. Ga shi kuma yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Masana sun yaba, amma kasuwa ba ta yi ba.

Abubuwa biyu ka riƙe daga wannan gem ɗin. Na farko, ba a samu izinin sa sunan Honda da Cooper ba, sai aka laƙaba wa motocinsu sunayen ƙarya, Murasama da Coventry. Na biyu, 'yan tsirarun da suka jure suka iya shi ba su sake shi ba. Su da kansu suka haɗa wata manhaja mai suna VROC don su riƙa samun juna ta intanet, suka kafa lig-lig, suka ci gaba da ƙera masa filaye shekara da shekaru.

RANAR DA TAKARDA TA KASHE KAMFANI

A farkon 2003 Papyrus ta fitar da NASCAR Racing 2003 Season, wanda har gobe wasu ke bugawa. Shi ne na ƙarshe. Kamfanin EA, wanda ka sani da gem ɗin ƙwallo na FIFA, ya samu lasisin NASCAR shi kaɗai, ma'ana ba wani kamfani da zai sake sa sunan gasar da direbobinta a gem. A 2004 aka janye gem ɗin Papyrus daga kasuwa, kuma kamfanin Vivendi da ke riƙe da su a lokacin ya rufe su. Ba wanda ya fi su iya lissafin mota, amma takardar yarjejeniya ɗaya ta gama da su.

A nan ne wani attajiri ya shigo, John Henry. In kai ɗan Liverpool ne ka san sunan, shi ne jagoran kamfanin da ya sayi kulob ɗin a 2010. A 2004 an fi saninsa da mallakar ƙungiyar Boston Red Sox, kuma shi kansa mai buga gem ɗin Papyrus ne. Shi da Kaemmer suka kafa sabon kamfani a shekarar, suka sayi kod ɗin NASCAR Racing 2003, suka ɗora sabon gini a kansa. Shekara huɗu ana aiki, sai ranar 26 ga Agusta 2008 aka buɗe iRacing ga kowa.

Tsarin kasuwancin ma daban ne. Ba faifai za ka saya ka tafi gida ba. Kuɗin wata za ka riƙa biya kamar na dish, a ba ka wasu motoci da filaye a ciki, sauran kuma ka saya ɗaya bayan ɗaya. Ba a yarda kowa ya yi wa manhajar kwaskwarima ba, duk tsere a kan sabar kamfanin ake yi. Mutane da yawa sun yi ƙorafin tsada, kuma suna da gaskiya. Amma wannan ne ya ba su damar ci gaba da gyara manhaja ɗaya, maimakon fitar da sabon gem duk shekara. Sau huɗu a shekara ake sakin babban sabuntawa.

FIZIKS: TITI DA TAYA

In aka ce fiziks a gem, ana nufin lissafin da ke yanke yadda mota za ta motsa: nauyinta, gudunta, yadda shok ke lotsawa, yadda taya ke kama kwalta. A iRacing ana maimaita wannan lissafin sau 360 a kowane sakan.

Sun fara da titi. Maimakon mai zane ya kalli hoto ya zana, sai su tura ma'aikata filin tsere na gaskiya da na'urar leza. Na'urar tana harba haske ta auna miliyoyin ɗigo, ta kama kowane tudu da kwari da faci da tsagewar kwalta. Misali filin Sebring da ke Florida tsohon filin jirgin sama ne na lokacin yaƙin duniya na biyu, kankarensa duk gargada. A iRacing gargadar tana nan a inda take, har sitiyarin ya riƙa fizgar hannunka.

Amma babban ciwon kai shi ne taya. Ka duba, duk ƙarfin inji da birki da sitiyari, ta wani ɗan wuri kamar tafin hannu suke isa ƙasa a kowace taya. In lissafin wannan wurin bai yi daidai ba, komai ya ɓaci.

Hanyar da aka saba bi ita ce ta wani farfesa ɗan ƙasar Holan, Hans Pacejka. Ana ɗora taya a kan injin gwaji, a auna yadda take yi, sai a nemo lissafin da ya dace da sakamakon. Tana aiki, amma a iya yanayin da aka gwada. Kaemmer ya zaɓi hanya mai wuya. A 2011 suka fara sakin sabon tsarin taya wanda ke lissafi daga yadda aka ƙera tayar kanta: irin robar, zaren da ke cikinta, iskar da aka hura, da zafin da take ɗauka. Ka san yadda batirin waya ke canza hali in ya ɗau zafi? To taya ta fi shi. In ta yi sanyi ba ta kamawa, in ta yi zafi fiye da kima sai ta zama kamar sabulu, tsakanin nan ne take aiki.

Abin bai zo da sauƙi ba. An daɗe ana ƙorafin cewa da zarar mota ta fara zamewa, saman tayar yana ɗaukar zafi da sauri har ka kasa ceto ta. Har laƙabi aka yi wa manhajar, iceRacing, wato tsere a kan ƙanƙara. An sake fasalin tsarin tayar sau da yawa, kuma har yanzu ana kan gyara.

Sauran gyare-gyaren sun zo a jere:

2015: titi ya fara canzawa ana cikin tsere. Inda motoci suka fi bi roba tana kwantawa, kamu ya ƙaru, gefe kuma ɓarɓashin taya ya taru.
2017: aka kawo tsere a kan turɓaya.
2018: rana ta fara faɗuwa da fitowa, zafin kwalta yana bin ta.
2019: sabon tsarin lalacewar mota, da kuma motocin da kwamfuta ke tuƙawa don atisaye.
2024: a watan Maris aka kawo ruwan sama.

Ka lura, shekara kusan 16 aka yi babu ruwan sama, alhali gem-gem na waya ma suna da shi. Dalili shi ne ba hoton ruwa suke son nunawa ba. Suna son ruwan ya kwanta a kwarin da leza ta auna, layin da roba ta kwanta ya koma santsi har sai ka kauce masa, titin kuma ya riƙa bushewa a inda motoci ke bi.

Duk da haka, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A tseren awa 24 na filin Spa na ƙasar Beljiyam da aka yi a manhajar a 2022, wasu manyan 'yan wasa sun gano cewa in suka ɗora taya a kan ciyawar gefen titi, tana hucewa da sauri. Sai ga motoci suna bin ciyawa da gangan, abin da ba mai hankalin da zai yi a zahiri. Dole kamfanin ya koma ya gyara lissafin. Wannan ya nuna maka cewa duk kyan fiziks, in akwai ƙofa ɗan Adam zai bi ta.

LASISIN DIREBA: NAN NE ASIRIN YAKE

A zahiri me ke hana direban tsere ya afka wa na gabansa? Tsoron rauni da tsoron kuɗin gyara. A gem babu ko ɗaya. Don haka iRacing ta ƙirƙiro wani abin da za ka ji zafin rasawa.

Da farko, da sunanka na gaskiya za ka yi rajista. Ba ka da damar ɓuya a bayan wani laƙabi, ka yi ɓarna yau gobe ka canza suna.

Na biyu, kowa daga ƙasa yake farawa, ko zakaran duniya ne. Matakin farko shi ne Rookie, wato ɗan koyo, da ƙananan motoci irin su Mazda MX-5. Daga nan sai lasisin D, C, B, har zuwa A, sama da su kuma akwai na ƙwararru. Kowane mataki yana buɗe maka gasa da motoci mafi gudu. Kuma lasisin tseren zagaye daban, na titi mai kwana-kwana daban, na turɓaya daban. A 2024 ma an raba na titi gida biyu, na motoci masu rufi da na irin Formula.

Abin da ke ɗaga ka ba cin tsere ba ne, makin kiyayewa ne, wanda suke kira Safety Rating. Ga yadda ake rubuta maka laifi:

Ka sauka daga titi: maki 1.
Mota ta ƙwace maka ta juya, ko ka daki bango: maki 2.
Ka yi karo mai ƙarfi da wata mota: maki 4.

Manhajar tana duba kwana nawa ka sha a tserenka na baya-bayan nan, da laifi nawa ka tara a cikinsu, ta fitar maka da lamba tsakanin 0.00 da 4.99. Ana yin kaka huɗu a shekara, kowace mako 12, sai mako na 13 na hutu da gwaji. In ka kai 3.00 kuma ka yi adadin tseren da ake buƙata, za a ɗaga ka a ƙarshen kaka. In ka kai 4.00 ba sai ka jira ba. In ka faɗi ƙasa da 2.00 za a sauke ka a ƙarshen kaka, ƙasa da 1.00 kuwa nan take. A cikin tsere ɗaya ma akwai iyaka, a gasa da yawa in ka tara maki 17 an kore ka.

Sai lamba ta biyu, iRating, wadda ke auna ƙwarewa. Kowa yana farawa da 1350. Ka wuce waɗanda suka fi ka maki, ka samu da yawa, waɗanda ba su kai ka ba suka wuce ka, ka yi asara. In mutum ɗari suka yi rajistar tsere ɗaya, sai a raba su rukuni-rukuni da wannan lambar, kowa ya kara da tsaransa.

Yanzu ga inda rigimar take. Manhajar ba ta tambayar wa ke da laifi. Wani ya buge ka ta baya kana tafiyarka, shi maki 4, kai ma maki 4. Sabbin shiga suna jin haushin wannan ƙwarai, kuma ranar da ta faɗa maka dole ka ji an zalunce ka. Amma ni a ganina tsarin ya yi daidai. Kwamfuta ba za ta iya gane niyya ba. Da an ce wanda ya bugo ta baya ne kawai mai laifi, da sai mugaye su riƙa taka birki da gangan a gabanka. Da aka raba asarar, sai kowa ya koyi duba madubi da kauce wa mahaukacin direba. Kuma tunda lissafin na kwanoni masu yawa ne, karo ɗaya ba ya kashe ka. Wanda kullum shi ake bugewa, to ya binciki tuƙinsa.

Wanda ya yi da gangan fa? Akwai kundin doka, kuma akwai hanyar kai ƙara. Za ka yanko bidiyon abin da ya faru ka tura, ma'aikatan kamfanin su duba. Hukuncin yana kamawa daga gargaɗi har dakatarwa. Ka tuna mutum ya zuba kuɗi ya sayi motoci da filaye a wannan asusun, ga sunansa a jiki.

Daga baya irin wannan tsari ya bayyana a wasu wurare. Gran Turismo Sport na PlayStation ya zo a 2017 da makin ƙwarewa da makin ladabi. Assetto Corsa Competizione ma yana da makin kiyayewa.

ƊAYA LASISIN: NA SUNA

Kalmar lasisi tana da ma'ana ta biyu a wannan harka, wato izinin amfani da sunan gasa ko mota ko fili, irin wanda ya kashe Papyrus. A 2010 NASCAR ta fara gasarta ta hukuma a kan iRacing, kuma fitaccen direba Dale Earnhardt Jr. ne ya ci tseren farko a Daytona. Zuwa 2020 zakaran wannan gasar yana tafiya da dala 100,000.

Amma tsohon ciwon ya dawo. Wani kamfani, Motorsport Games, ya karɓi lasisin gasar IndyCar shi kaɗai. A ƙarshen 2022 yarjejeniyar iRacing da IndyCar ta ƙare, don haka a 2023 ba a yi tseren Indy 500 na hukuma a manhajar ba. Ka tuna da wannan tseren Kaemmer ya fara a 1989. Takunkumin ya taɓa har lig-lig na talakawan 'yan wasa da ke nuna tserensu kai tsaye da waɗannan motocin. Gem ɗin da aka yi alkawari bai fito ba, IndyCar ta soke yarjejeniyar a ƙarshen 2023, a Janairun 2024 ta dawo iRacing. A Oktoban 2023 kuma iRacing ta sayi lasisin yin gem ɗin NASCAR na na'urorin wasa irin su PlayStation daga hannun wannan kamfanin. Bayan shekara kusan 20, abin da aka ƙwace ya dawo gida.

In ka taɓa mamakin abin da ya sa wasu kulob ke zuwa da baƙon suna a gem ɗin ƙwallo na wayarka, to amsar ke nan.

LIG: INDA MUTANE KE MULKIN KANSU

Bayan tseren hukuma da ke tashi a kan lokaci, kowane mamba yana iya biyan kuɗi kaɗan ya buɗe nasa tseren. Shi zai zaɓi mota, fili, yanayin sama da tsawon tsere. Daga nan aka samar da tsarin lig, inda mai lig ke karɓar mambobi, ya tsara jadawalin kaka, ya sa yadda za a raba maki. Ana cikin tsere yana da ikon ɗaga tutar gargaɗi, ko hukunta direba, ko korarsa. A 2014 aka ƙara damar mutane da yawa su riƙa karɓa-karɓa a mota ɗaya, kowa daga gidansa, wanda shi ya buɗe ƙofar tseren awa 12 da awa 24.

Abin lura, tseren lig ba ya taɓa makin kiyayewarka ko iRating. To me ke tsare mutane? Sanin juna. Mutanen da kuka kara da su wannan makon, su za ka tarar mako mai zuwa. Lig da yawa suna da alƙalai da ke zama bayan tsere su kalli bidiyo su ce wane ne mai laifi, su rage masa maki. Abin da kwamfuta ta kasa yi, mutane sun yi shi.

Kayan aiki da yawa ma ba kamfanin ne ya yi su ba. Ya dai buɗe ƙofar da wasu manhajoji za su karanta bayanan mota, jama'a suka ɗora. Trading Paints na fentin mota ne, don kowa ya ga kalar ƙungiyarka. Crew Chief murya ce da ke gaya maka akwai mota a gefenka, ko man da ya rage. Garage 61 na kwatanta inda ka taka birki da inda abokinka ya taka. Taro da sanarwa kuma yawanci a Discord ake yi. A nan ne nake ganin gyara ya rage: mai lig yana wahala da tattara rajista nan, teburin maki can, ƙararraki a wani wurin. Aikin sa kai ne, kuma ranar da ya gaji lig ɗin ya mutu.

2020: SHEKARAR DA WASA YA ZAMA GASKE

Da korona ta rufe filayen tsere, direbobin NASCAR na gaskiya suka koma iRacing. Ranar 22 ga Maris 2020 aka nuna tseren farko a talabijin, Denny Hamlin ya ci, mutum kusan 900,000 suka kalla. Na mako na biyu ya haura miliyan ɗaya.

A nan aka ga nauyin suna. Bubba Wallace ya yi fushi ya fita ana tsakiyar tsere, wani kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa ya janye. A watan Afrilu Kyle Larson ya furta kalmar cin zarafin baƙar fata ana jinsa kai tsaye a wani tseren, NASCAR ta dakatar da shi, ƙungiyarsa ta sallame shi. Sai a 2021 ya dawo, ya kuma ci kofin shekarar.

Aikin leza ma ya yi amfanin da ba a zata ba. Filin North Wilkesboro ya rabu da babbar gasar NASCAR tun 1996, ciyawa ta cinye shi. A Disambar 2019 Earnhardt Jr. ya tara 'yan sa kai suka share shi don a auna shi kafin ya ruguje. Ya fito a iRacing a 2020, sha'awar mutane ta taso, a 2023 NASCAR ta koma can da motoci na gaskiya. Tseren cikin birnin Chicago kuwa a manhajar aka fara yin sa a 2021, kafin a yi shi a kan titi a 2023.

William Byron, wanda ya ci Daytona 500 a 2024 da 2025, a iRacing ya fara tsere yana yaro. Max Verstappen a watan Mayun 2024 ya ci tseren Formula 1 a Imola ta Italiya, a ƙarshen makon nan kuma shi da ƙungiyarsa suka ci tseren awa 24 na Nürburgring a iRacing.

Amma kar ka ɗauka daidai yake da zahiri. A 2010 an ɗauko Greger Huttu, ɗan ƙasar Finland kuma zakaran manhajar, aka sa shi a motar tsere ta gaskiya a filin Road Atlanta. Ya san kowace kwana, gudunsa ya ba mutane mamaki, amma jikinsa ya kasa ɗaukar jijjiga da zafi, har ya yi amai a cikin hular kwano.

ABIN DA ZA KA ƊAUKA

In kana sha'awar gwadawa, ka yi lissafi tukuna: kwamfuta mai ƙarfi, sitiyari irin Logitech G29, kuɗin wata da dala, intanet marar yankewa, da wutar da ba za a ɗauke maka ana tsakiyar tsere ba. In netwok ɗinka yana rawa, motarka za ta riƙa ɓacewa tana bayyana a idon wasu, ka jawo karo ba da niyya ba.

In kuma a waya za ka tsaya, kafin ka zuba data da kuɗi a kowane gem na intanet ka duba abu uku. Shin ana haɗa ka da tsaranka? Shin wanda ya yi ɓarna ko ya gudu ana tsakiyar wasa yana rasa wani abu? Shin za ka iya buɗe ɗaki na ku kaɗai da abokanka? In gem ɗin yana da na ukun, ko babu na biyun za ku iya rufe giɓin da kanku: ku buɗe guruf a WhatsApp, kowa da sunan da aka san shi da shi, ku rubuta doka tun kafin a fara, ku naɗa mutum biyu da ba sa cikin wasan ranar su zama alƙalai.

Wane gem ɗin tsere kake bugawa a wayarka, kuma yaya ake yi da masu buga mutane da gangan a cikinsa? Ka faɗa mana, ka kuma tura wa abokinka mai son mota. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.